Yadda Ake Ɗinka Velcro a Tufafi da Takalma Don Ya Riƙe, Ya Kuma Daɗe

Abin da ake kira Velcro tsiri biyu ne da aka yi su domin juna. Ɗaya mai kaushi ne, cike da ƙananan ƙugiyoyi jere-jere. Ɗayan mai laushi ne kamar gashin bargo, amma in ka ƙura masa ido za ka ga siraran zaruruwa ne, kowanne ya fito daga saƙar ya lanƙwasa ya koma ciki. Da an haɗa su an danna, sai ƙugiyoyin su shige cikin zaruruwan su sarƙe. Wanda ƙarangiya ta taɓa kama wa ƙafar wando ya riga ya san yadda abin yake, kuma daga irin wannan kamun aka samo dabarar. A 1941 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga yawo ya tarar 'ya'yan wata ciyawa sun maƙale wa tufafinsa da gashin karensa. Ya duba su da madubin ƙara girma, ya ga ƙugiyoyi ne. Sai da ya shafe shekaru kafin ya iya saƙa makamancinsu da zaren nailan, ya sami haƙƙin mallakar ƙirƙirar a 1955. Haƙƙin ya ƙare a 1978, shi ya sa yau kamfanoni barkatai ke yin sa, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne, ko da yake sunan Velcro ya bi su duka a bakin mutane.

Kafin ka taɓa almakashi, yi wannan gwajin, domin duk sauran aikin a kansa ya rataya. Haɗa tsirin biyu, ka kama bakin ɗaya ka ɗaga sama. Zai ɓanɓare ba wuya, saboda a kowane lokaci layi ɗaya ko biyu na ƙugiyoyi ne kaɗai ke ɗauke da jan. Sake haɗa su, ka riƙe ɗaya da hannun dama, ɗaya da hagu, ka ja su a kwance kamar kana son ɗaya ya zame a kan ɗaya. Za ka ji ya ƙi, domin yanzu duk ƙugiyoyin ne suka haɗa ƙarfi. Saboda haka maɗaurin nan yana da ƙarfi a jan kwance, ba shi da ƙarfi a jan ɓanɓara. Yawancin rigar da ke buɗewa da kanta, da takalmin da maɗaurinsa ke sakin ƙafa, wanda ya ɗinka ne ya ɗora tef ɗin, wato tsirin Velcro, a inda motsin jiki ke ɗaga bakinsa. Tef ɗin kansa sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Zaɓen irin da ya dace

Na ɗinki shi ne na tufafi da takalma. Ana gane shi da bayansa da ba shi da gam, da kuma ɗan fili sumul a gefunansa biyu, kamar milimita biyu, inda babu ƙugiya. Wannan filin hanyar allura ce. Mai gam a baya, wanda ake ɓare wa takarda, an yi shi don bango da katako da roba. A kan yadi wanki kaɗan ke ɗaye shi, in kuwa ka ce za ka ƙara masa ɗinki, gam ɗin zai naɗe allura, zare ya riƙa tsinkewa, keke ya riƙa tsallake ɗinki. Akwai wanda ake mannawa da dutsen guga ta bayan yadi. Yana yi a kan auduga mai kauri da ke jure zafi, amma a bar shi kwana guda kafin a ja shi, kuma ba na takalmi ba ne.

Sai zaren da aka saƙa shi da shi. Na nailan ya fi jure buɗewa da rufewa sau dubbai, ya kuma fi laushi, amma yana shan ruwa, riƙonsa yana raguwa in ya jiƙe har sai ya bushe, rana kuma tana cin sa a hankali. Na foliyesta bai damu da ruwa ko rana sosai ba, sai dai ya fi saurin gajiya da yawan buɗewa. Rigar yau da kullum da takalmin yaro nailan suke so. Sandal ɗin shiga ruwa da rigar ruwan sama foliyesta.

Ƙugiyoyin ma iri-iri ne. Akwai na saƙa, wanda shi ne aka fi sani. Akwai na zubi, gajeru ƙwarai, da ba sa karce fata, su ake sa wa kayan jarirai. Akwai masu kai kamar naman kaza, masu mugun riƙo, amma duk buɗewa suna tsinka zaruruwan gefe mai laushi, don haka ba su dace da abin da ake buɗewa kullum ba. Kada yawan riƙo ya ruɗe ka a wurin saye: a rigar tsoho ko ta yaro, tef ɗin da sai an yi kokawa kafin ya buɗe aibi ne.

Faɗin da aka saba samu shi ne milimita 16, 20, 25, 38 da 50. Na 16 zuwa 20 ya ishi hannun riga da kayan yara, na 25 murfin aljihu da maɗaurin takalmi, na 38 zuwa 50 ƙugu da bel. Ka sayi gefe biyun daga kamfani ɗaya in da hali, kuma ka ƙara tsawon mai laushi, domin shi ke fara mutuwa.

Wane gefe ke zuwa ina

Ƙa'ida biyu ce, kuma wani lokaci suna karo da juna.

Ta farko: ƙugiyoyi su ba fata baya. A rigar da ɓangare ɗaya ke hawa kan ɗaya, ɓangaren ƙasa yana kallon waje, na sama yana kallon jiki. Mai kaushi sai ya zauna a na ƙasa, mai laushi a cikin na sama. In rufin ya ɗan karkace, laushi ne zai taɓa fata.

Ta biyu: duk abin da zai rage a buɗe bayan an rufe ya zama mai laushi. A maɗaurin da ake matsewa ko sassautawa, dole gefe ɗaya ya fi tsawo. To, dogon shi ne mai laushi, gajeren mai kaushi. Ƙugiyar da ta kwana a fili tana tara gashi da zare, tana kuma jan duk saƙar da ta gifta.

In suka yi karo, duba abin da ke ƙarƙashin tef ɗin. Idan fata ce kai tsaye, kamar wuyan jariri, ƙa'idar farko ce a gaba. Idan yadi ne ko fatar takalmi, kamar harshen hannun jaket da ke kwanciya a kan hannun rigar, bi ta biyu: mai kaushi a ƙarƙashin harshen, dogon mai laushi a jikin hannun.

Awo, alama da yanka

Yadin auduga a wanke shi a goge kafin a ɗora tef. Auduga tana tsukewa a wankin farko, tef ba ya tsukewa, sai wurin ya tattare, kuma ba gugar da za ta miƙar da shi.

Wurin da ɓangarorin za su hau juna ya fi tef ɗin faɗi da aƙalla milimita biyar ta kowane gefe. Tef mai faɗin 20 ke nan yana bukatar hawa na milimita 30. Haka yake ɓuya, gefensa kuma ba ya goga jiki. Yadi mara kauri a ninka shi biyu, ko a manna masa yadin ƙarfafawa mai gam ta ciki, domin kowace buɗewa jan ɗinkin take yi, kuma siririn yadi a layin allura yake yagewa.

Yanka gefe biyun daban-daban, kada ka yanka su a haɗe, don almakashi yana zamewa. Sannan ka zagaye kusurwoyi huɗun. Mutane na raina wannan, alhali kusurwa mai tsini ita ce ke soke fata, ita ce kuma ke fara ɗagowa ta kama wani abu har ɗinkin ya saki. A gajerun bakin da ka yanka babu filin allura, saboda haka ka aske ƙugiyoyi layi ɗaya ko biyu da ƙaramin almakashi. Idan bakin yana warwarewa, a ɗan gifta masa wutar laita da sauri. In aka daɗe zai dunƙule ya zama ƙullutu mai kaifi.

Wajen daidaitawa, fara ɗinka gefe ɗaya. Manna ɗayan a kansa, rufe rigar yadda za ta zauna a jiki, ka zana gefunansa da allin tela a ɗaya ɓangaren. Fil ba ya son tef, lanƙwashewa yake, ya kuma ɗaga wurin. Gara ɗan matsi na riƙe yadi, ko ɗigon gam ɗin takarda mai wankuwa a tsakiyar tef ɗin, nesa da inda allura za ta bi.

Ɗinki da keke

Sa sabuwar allura mai kaifin baki, lamba 90/14 a yadi matsakaici, 100/16 a jins da kambas. Allura mai dunƙulallen baki ta yadin roba ba ta huda bayan tef da kyau. Zare na foliyesta, don na auduga ƙugiyoyi na cin sa. Na sama ya yi kalar tef, na kwarkwaro ya yi kalar yadi, tunda tef ne zai kalli sama lokacin ɗinki. Tsawon ɗinki milimita biyu da rabi zuwa uku. In ya fi haka ƙanƙanta, hudojin suna matsuwa har tef ya tsage a layin kamar takardar rasit.

Kada ka fara daga kusurwa. Fara daga tsakiyar dogon gefe, ka bi filin nan sumul, ka juya a kowace kusurwa allura tana ƙasa, ka dawo ka hau inda ka fara da kamar santimita ɗaya, ka yi ribas. Ƙafar ɗinkin zif ta fi ƙafar keke ta yau da kullum a nan, domin tana bin gefe ba ta hawa ƙugiyoyi ta karkace. In tsirin ya wuce santimita goma sha biyar, kada ka zagaye shi a tafiya ɗaya: ɗinka dogon gefe ɗaya daga sama zuwa ƙasa, yanke zare, ka koma sama ka ɗinka ɗayan. In ka sauka ta nan ka hau ta can, keke zai tura tef ɗin gaba a gefe ɗaya, baya a ɗayan, ya murɗe.

Tef mai faɗin 38 zuwa sama yana son ƙarin ɗinki a ciki, ko layi ɗaya a tsakiya, ko layi biyu masu gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. In babu, tsakiyarsa na tasowa kamar tanti duk lokacin da aka ja, nauyin duka ya koma kan gefe. Bakin da hannu ke kamawa a buɗe kuwa a bi shi sau biyu ko uku, don nan ne ɗinki ke fara mutuwa.

Gefe mai kaushi shi ke ba da wahala. Idan zaren sama yana maƙalewa a ƙugiya yana yin gashi ko tsinkewa, rage gudu, ka tabbata allura na sauka a filin gefe, in ya ci gaba ka shimfiɗa siririyar takarda a kan ƙugiyoyin ka ɗinka ta kanta, daga baya ka yage. Idan zare na taruwa a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, yawanci ba a riƙe jelar zaren biyu ba ne a farkon ɗinki, ko zaren sama bai shiga matsewarsa daidai ba. Tsallaken ɗinki kuma allura ce ta dakushe ko ta yi ƙanƙanta, ko gam ya naɗe ta. Goge ta da auduga mai sifirit.

Wanda ba shi da keke zai iya da hannu. Allura mai ƙarfi, zare ninki biyu da aka goga wa kakin zuma don kada ya sarƙe, da abin kare yatsa. A yi ɗinkin komawa baya a filin gefe, tazarar milimita uku, a riƙa jan zaren a miƙe nesa da ƙugiyoyi. In ba a son ɗinki ya fito ta fuskar riga, a ɗinka tef ɗin a kan ninkin ciki kaɗai kafin a rufe ninkin.

A jikin tufafi

Gaban riga shi ne inda aka fi yin kuskure. Sai a ɗauki tsiri guda daga wuya har ƙasa a ɗinka. Sakamakon: gaban rigar ya sandare, in mutum ya zauna ya yi tozo, rufewa daidai ta zama aiki, buɗewa kuma sai da ƙara mai tashin mai barci. A yanka gutsattsari masu tsawon santimita biyu da rabi zuwa huɗu, a jera su da tazarar santimita takwas zuwa goma, kamar yadda ake jera maɓallai, a tabbata ɗaya ya faɗa daidai inda ƙirji ya fi faɗi. Riga mai matse jiki kuwa ba ta Velcro ba ce ko kaɗan, don numfashi da miƙa hannu suna buɗa bakinta.

Ga tsofaffi, da masu ciwon gaɓoɓin yatsu, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta bar shi da hannu ɗaya, ana juya riga mai maɓalli ba tare da kamanninta sun sauya ba. A cire maɓallan, a rufe kowace ƙofar maɓalli da ɗinki, a ɗinka maɓallin a kanta ta waje. Mai laushi ya zauna a bayan wurin ta ciki, mai kaushi a inda maɓallin yake a da. Gutsattsarin su zama ƙanana, kamar santimita biyu, don ƙarfin da ake bukata wajen buɗewa ya ragu.

A kowane maɗauri a bar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ƙarshen harshen babu tef. Wurin kamawa ke nan. In tef ya kai har baki, sai an sa farce, farce kuma shi ke cinye ɗinkin.

Hannun jaket: harshe mai ɗauke da mai kaushi na santimita uku zuwa huɗu, jikin hannun mai laushi na takwas zuwa goma, harshen ya nufi bayan hannu don kada ya riƙa kamo abubuwa in an miƙa hannu gaba. Murfin aljihu: mai kaushi a murfin, mai laushi a jikin aljihun, kuma a sa mai laushin a tsaye, mai kaushin a kwance, domin in aljihu ya cika ya kumbura murfin ya sami inda zai kama. Aljihun da za a cusa wa kaya masu nauyi kuwa maɓalli ya fi masa. Rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta sa Velcro a kakinta na 2004, amma a 2010 ta mayar da maɓallai a aljihunan cinyar wando, bayan sojoji sun koka cewa rairayi da ƙura na cika shi, aljihun da aka cika kuma yana buɗewa.

Ƙugun wando ko siket yana ɗaukar ja a kwance, wato inda tef ya fi ƙarfi, amma zama da sunkuyo na ɗaga bakin. A ba shi hawa na santimita bakwai zuwa goma, a ƙara ƙugiyar ƙarfe ɗaya ko maɓalli a ƙarshe. Kayan jarirai a yi musu da gajerun ƙugiyoyi, a kuma ɗinka ɗan guntun mai laushi kusa da mai kaushin, domin a ninke shi a kansa lokacin wanki. A nisanta mai kaushi daga leshi, siliki, suwaita da duk wani saƙi mai sako-sako. Sau ɗaya ya kama su ya ja zare, ɓarnar ba ta gyaruwa. Kayan masu walda da masu aiki kusa da wuta ba a sa musu na nailan ko foliyesta na gama-gari, saboda narkewa yake ya manne a fata. Akwai wanda aka saƙa da zare mai jure wuta don wannan aikin.

A jikin takalmi

Kamfanin Puma ne ya fara fitar da takalmin wasanni mai irin wannan maɗauri a 1968, kuma tsarin da ya fi riƙo har yau shi ne mai zobe. Maɗaurin yana kafe a gefen waje na takalmin, ya haye saman ƙafa, ya shiga zobe a gefen ciki, ya juyo ya kwanta a kan kansa, bakinsa yana kallon waje don kada ƙafa ɗaya ta riƙa ɓanɓare na ɗaya a tafiya. Zoben yana aiki biyu: yana sauƙaƙa matsewa, yana kuma raba nauyin, ya mai da abin da ya isa tef ɗin ja na kwance zalla. Maɗaurin da ke hayewa kawai ya manne a ɗaya gefen ba tare da zobe ba ya fi saurin saki.

A irin wannan maɗaurin gefe biyun a fuska ɗaya suke. Mai laushi ya ɗauki dogon ɓangare daga tushe har ya wuce inda zobe ke gogawa, mai kaushi ya zauna a ƙarshe, santimita huɗu zuwa biyar. Kada mai kaushi ya faɗa a lanƙwasar zobe, zai murƙushe. Inda biyun suka haɗu, bakin mai laushi ya hau kan na mai kaushi da milimita biyar a ɗinke su tare, don kada a bar gaɓar da za ta karye.

Sauya tef ɗin da ya mutu ba ya bukatar inji. Da farko gano wanne ne ya mutu: manna sabon mai laushi a tsohon mai kaushi, sannan sabon mai kaushi a tsohon mai laushi. Galibi za ka tarar ƙugiyoyin na nan da ransu, zaruruwan ne suka tsintsinke suka zama buzu-buzu. Sauya wannan kaɗai.

Farke ɗinkin ta fuskar tef, ba ta fuskar fata ba, don in reza ta kauce tsohon tef ta yanka. Tsince guntayen zaren, kankare tsohon gam. Ɗora tsohon tef ɗin a kan sabo ka zana siffarsa ka yanka. Shafa gam ɗin takalmi siriri a bayan tef da jikin maɗaurin, ka bar su minti goma zuwa sha biyar har ya daina bin yatsa, sannan ka haɗa. Ka haɗa su maɗaurin yana ɗan lanƙwashe yadda yake kwanciya a ƙafa. In ka manna shi a miƙe, zai tattare in an ɗaura. Gam ɗin riƙon ƙwarya ne kawai, ɗinki ne mai riƙewa, kuma kada ya taɓa fuskar tef, don duk inda ya taɓa ya mutu.

Sai ɗinki, kuma a nan abu ɗaya ne ba a sassauci a kansa: bi tsofaffin hudoji. Fata, ta gaske ko ta roba, ba ta rufe huda kamar yadi. Sabon layin huda kusa da tsoho yana mai da wurin abin yagewa. Yi amfani da zaren nailan mai kauri da allura biyu, ɗaya a kowane bakin zaren, suna shiga huda ɗaya daga fuska biyu. In zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe. Inda tef ya yi tauri a fara huda shi da basilla ta cikin tsohuwar hudar. A ƙarshe koma baya huda uku, yanke zaren ka bar milimita biyu, ƙona shi ka danne. Ƙullin ya kasance a inda ba ya taɓa ƙafa. Ɓangaren maɗaurin da ya shige cikin jikin takalmi ba sai an farke shi ba. Yanke tsohon tef daidai inda ya nutse, ka cusa bakin sabon a ƙarƙashi ka bi shi da ɗinki biyu.

Mai kumburin ƙafa ko mai tudun ƙafa yakan tarar maɗauri ya gaza, yana kamawa da ɗan baki kawai. Hawan da bai kai santimita huɗu ba ba ya riƙe babban mutum a tafiya. Maganinsa ƙari: guntun fata ko ƙaƙƙarfan tsiri mai faɗin maɗaurin, a samansa a ɗinka mai laushi wanda tsohon bakin zai kama, a ƙarƙashinsa mai kaushi sabo. A auna ƙafar da yamma, lokacin da ta fi kumbura, da safar da za a riƙa sawa. Mai ciwon sukari a duba masa sosai kada gefen tef ko ƙullin zare ya goga fata, tunda zai iya jin rauni bai sani ba.

Mai da takalmin igiya ya koma na maɗauri ma yana yiwuwa, da maɗauri biyu ga yaro, biyu ko uku ga babba, faɗin milimita 20 zuwa 25, a kafe su a layin ƙofofin igiyar inda fatar ta fi kauri. Wannan dai ya fi kyau a keken masu gyaran takalmi mai dogon hannu, wanda ke shiga cikin takalmin. Takalmin gudu mai nisa da na hawan dutse a bar su da igiyarsu, don igiya tana rarraba matsi a wurare da yawa yadda maɗauri biyu ba za su iya ba.

Wanki da tsabtacewa

A rufe kowane maɗauri ruf kafin wanki, a juya rigar ciki waje, in injin wanki ne a sa ta a jakar raga. Ruwa mai sanyi ko ɗumi, kada ya wuce digiri 40. Bilic yana raunana nailan ya sa shi rawaya-rawaya. Zafin injin busarwa da dutsen guga suna kwantar da ƙugiyoyi, kuma wadda ta kwanta da zafi ba ta sake tashi. In dole a goge wurin, a rufe maɗaurin a goge ta bayan yadi da wuta kaɗan.

Mai kaushin da ya daina kamawa yawanci cika ya yi. Ɗauki matsefi mai ƙananan haƙora, ko bakin fil, ko busasshen buroshin haƙori mai tauri, ka bi tsakanin layukan ƙugiyoyin ta fuska ɗaya, daga tushe zuwa baki, kana ɗago dattin. Ragowar gashin a tsince da hantsaki. Laka a bar ta ta bushe tukuna a karkaɗe, in aka goge ta da danshi shigewa take. Gefe mai laushi ba a tsefe shi, tsefewa tsinka zaruruwan take yi. In ya yi gashi ya tashi, a rage dogayen da almakashi sama-sama, zai ƙara 'yan watanni kafin a sauya. Wajen buɗewa kuma a kama harshen a ɓanɓare a hankali, ɗaya hannun yana danne da yadin ƙasa kusa da ɗinkin, musamman a riga mara kauri.